Gwajin shiga kulab ɗin ninkaya ga 'yar shekara 7: me ake dubawa, kuma yaya ake gane kocin da ya iya da yara?

Tambaya: 'Yata shekararta 7. Ta gama darussan koyon iyo, tana iya ƙetare tsawon wurin ninkaya ba tare da ta tsaya ba. Kulab biyu sun sa ranar gwajin ɗaukar yara. Ɗaya ya yi suna wajen cin kofuna, yaransa kan yi atisaye kwana biyar a mako. Ɗayan ƙarami ne, kwana uku suke yi. Me za su nema a wajenta ranar gwajin, kuma yaya zan gane ko kocin ya iya da ƙananan yara?

Amsa:

Malama, tambayarki biyu ce, kuma ta biyun ta fi ta farkon nauyi nesa ba kusa ba. Gwajin da za a yi wa 'yarki ɗan gajere ne, sau da yawa kafin ki gama gyara zama an kammala. Amma kocin da za ki damƙa ta a hannunsa zai iya shafe shekaru yana gyara mata hannu da ƙafa, kuma shi ne zai sa ta ƙara son ruwa ko ta tsane shi. Saboda haka ranar nan gwaji biyu za a yi: su duba yarinya, ke kuma ki duba su. A matsayina na mai horar da yara iyo, babu abin da na fi so iyaye su riƙe kamar wannan.

Bari in fara da mai sauƙin. A shekara 7 ba a yin gwaji don a fitar da gwani. Ana yin sa ne don a san ko yaro zai iya zama lafiya a cikin layi tare da sauran yara, da kuma rukunin da ya dace da shi. Galibi za a ce ta yi tsawo ɗaya, wato mita 25, da iyon gaba, wanda ake yi rub-da-ciki ana wurga hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dawo da iyon rigingine. Wasu kociyoyin sukan ce ta nuna bugun ƙafar iyon kwaɗo ko na malam-buɗe-littafi. Idan ba ta iya ba, ba komai. Suna so ne su ga inda ta tsaya, don kuwa waɗannan salon biyu a kulab ake koyonsu.

Abin da idon koci ke kai shi ne numfashi, kafin komai. Shin tana fesar da iska a cikin ruwa ta hanci da baki, sannan ta juya kai gefe ta shaƙa, ko kuwa riƙe numfashi take yi har sai ta galabaita ta ɗago kai gaba tana haki? Wannan ɗago kan shi ne tushen rabin matsalolin ƙananan masu iyo. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka duk lokacin da kai ya ɗago, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, jiki ya koma yana ture ruwa da ƙirji maimakon ya ratsa shi. Yaron da ke kwance sambal a saman ruwa, ko da a hankali yake tafiya, ya fi wanda ke dukan ruwa da ƙarfi yana isa bango da wuri. Bayan numfashi sai bugun ƙafa: daga ƙugu yake fitowa, ƙanana kuma a jere, ko daga gwiwa kamar mai tuƙa keke? Sai yadda take turo kanta daga bango, hannuwa haɗe a saman kai, jiki a miƙe. Sai natsuwarta a ɓangare mai zurfi inda ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Na ƙarshe, wanda iyaye ba su cika tunawa da shi ba, shi ne sauraro. Koci zai ce, "Sake yi, amma wannan karon ki kalli ƙasa," ya ga ko wani abu ya canza. Idan ya canza ko da kaɗan ne, ta ci gwajin a wajena.

Game da shiri, kada ki sa ta horon gaggawa a makon gwajin. In da hali, ki kai ta ta ga wurin tun kafin ranar. Ta sa tabaran ruwan da ta saba da shi, ba sabo ba. Ki faɗa mata ruwan zai iya fin wanda ta saba sanyi, domin ƙa'idar ruwan gasa ita ce digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyos, alhali wuraren koyar da ƙananan yara sukan fi haka ɗumi. Yara da yawa sanyin nan ne ke firgita su a tsawon farko. Kuma kada ki yi mata alkawarin kyauta idan an ɗauke ta. Idan ba a ɗauke ta ba, ki tambayi kocin takamaiman abin da ya rage mata. Wanda ya duba ta da gaske zai ce miki, misali, numfashin gefe bai zauna ba, a dawo bayan wata uku. Wani lokacin ma ba laifin iyonta ba ne, layukan ne suka cika.

Yanzu sai babban batun.

Kofunan da kulab ya jera ba su gaya miki komai game da abin da zai faru da 'yar shekara 7. Matasa 'yan shekara 15 zuwa 17 ne suka fi ciyo su, a hannun babban koci, kuma wasunsu a wani kulab ɗin aka gina su tun suna ƙanana kafin su koma can. 'Yarki ba za ta shiga hannun wannan babban kocin ba sai bayan shekaru masu yawa, in ma ta kai. Tambayar da za ki yi ita ce: wane ne zai tsaya a kan layinta ranar Litinin da yamma? Akwai wata ɗabi'a a wannan harka da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato a ba ƙananan yara wanda ya fi kowa ƙarancin ƙwarewa, wani lokacin ma matashin da shi kansa bai daɗe da daina gasa ba, da sunan ai yara ne. Alhali a nan ne aka fi bukatar gwani. Ɗan shekara 16 ya san jikinsa, yana iya gyara kansa da kalma ɗaya. 'Yar shekara 7 kuwa komai sabo ne a wajenta, kuma abin da ta maimaita sau dubu a yanzu shi zai bi ta. Ba ina nufin matashin koci ba zai iya ba. Na ga matasa masu baiwar koyarwa. Amma dole ya kasance yana da takardar horarwa daga hukumar ninkaya ta ƙasarsa, kuma akwai babba da ke leƙo shi yana duba tsarin darasinsa.

Gani ya kori ji. Ki nemi izinin kallon atisaye na yau da kullum na rukunin da za a sa ta, ba ranar gwaji ba, domin ranar gwaji kowa fara'a yake yi. Ki zauna daga farko har ƙarshe. Idan kulab ya ce iyaye ba sa kallo sam, ba daga nesa ba, ba ta bayan gilashi ba, to kin samu amsarki, ki kama gabanki.

Idan kin zauna, ki fara da idon kocin. Yana kan ruwa, ko yana kan waya, ko yana hira da wani kocin? Sannan ki saurari bakinsa. Mai iya koyar da yara yakan durƙusa a bakin ruwa har fuskarsa ta kusa daidaita da tasu, ya kira kowa da sunansa, ya faɗi abu ɗaya a taƙaice, ya nuna da jikinsa, ya sake su su gwada. Yaran da ke cikin ruwa da hula a kunne ba sa jin dogon bayani, kuma jikinsu yana saurin yin sanyi in sun tsaya. In kika ga suna rawar ɗari a jikin bango minti biyar ana yi musu lacca, ba koyarwa ake yi ba. Ki kuma lura da irin gyaran da yake yi. "Ƙara sauri!" da "Buga ƙafa!" kowa zai iya ihunsu. Gyara shi ne a ce, "Bari kunnenki ɗaya ya zauna cikin ruwa lokacin da kike shaƙar iska," sannan a jira ta dawo a gaya mata ko ta yi daidai. Wannan komawar ta biyu ita ce alamar. Masu faɗar gyara suna da yawa, masu bibiya su ga ko ya shiga su ne kaɗan.

Ki duba tsawon abin da ake sa su yi. A wannan shekarun, atisaye mai kyau gajerun tafiye-tafiye ne, mita 25 ko ma rabinsa, da hutu a tsakani, kowace tafiya da abin da ake nema a cikinta. Idan kika ga 'yan shekara 7 da 8 suna kai da kawowa mita 200 ko 400 ba tsayawa, ki dubi hannayensu a tsawo na shida. Za ki ga gwiwar hannu ta faɗi, kai ya ɗago, ƙugu ya nutse. Tun daga nan ba iyo suke koyo ba, kuskure suke haddacewa. Irin wannan horo yana kawo sakamako da wuri, shi ya sa yake ruɗin iyaye: yaro zai rage daƙiƙoƙi cikin 'yan watanni saboda ya ƙara juriya. Amma idan ya kai shekara 12 ko 13 sai ya ci karo da bango, waɗanda aka koya wa salo tun farko su wuce shi, kuma warware kuskuren da ya shekara biyar a jiki ya fi koyar da sabo wahala. Ƙarfin tsoka da juriyar zuciya sun fi karɓar horo a lokacin balaga da bayanta. Iya sarrafa jiki a cikin ruwa kuwa yanzu ne lokacinsa. A nan ne karin maganar nan ta sauri ya haifi nawa take da gaskiya ƙwarai.

Ki ga ko ana taɓa duka salon huɗu, da juyawa a bango, da shawagi, da wasa. Wasa ba ɓata lokaci ba ne a wannan rukunin. Tseren 'yan layi, ɗauko zobe daga ƙasan ruwa, alkafura a cikin ruwa, duk suna koya wa yaro jin ruwa a tafin hannu da ƙafa. Kocin da ya ce miki bayan kallo ɗaya, "Wannan 'yar iyon kwaɗo ce, a kansa za mu tsaya," ya yi gaggawa. Jikinta zai canza sau da yawa kafin a san salon da ya fi dacewa da ita. Michael Phelps, wanda ya tara lambobin Olamfik 28, 23 daga ciki na zinare, ya fara iyo yana ɗan shekara 7 yana tsoron sa fuskarsa a ruwa, shi ya sa da iyon rigingine aka fara masa. Da ranar nan aka yanke hukunci a kansa, da an yi babban kuskure.

Sai abin da nake ganin ya fi duk waɗannan tona asirin koci: yadda yake yi da yaron da ke can ƙarshen layi. Kowane rukuni yana da wanda ya fi kowa sauri, kuma kowa yana son koyar da shi. Ki nemo na bayan nan, wanda tabaransa ke cika da ruwa, wanda yake tsayawa a tsakiya. Sau nawa aka kira sunansa? An gyara masa wani abu, ko an bar shi yana bin sahu kawai? An yi masa tsawa a gaban sauran? Ki ɗauka wannan yaron 'yarki ce, domin wata rana, a wani rukunin, ita ce za ta zama ta baya. Kuma ki sani, wanda ke gaba a shekara 8 sau da yawa girman jiki ne ya kai shi, ko watan haihuwa. A rukunin shekaru ɗaya akan samu tazarar kusan wata goma sha biyu tsakanin babba da ƙarami, kuma a wannan shekarun tazarar tana da yawa. Da aka bi diddigin jerin yaran da suka fi sauri a Amurka, an ga kaɗan ne daga cikin zakarun 'yan ƙasa da shekara 10 suke nan a sahun gaba idan sun kai 17 da 18. Kocin da ya san wannan ba ya watsar da kowa tun yana ƙarami.

Game da kwana biyar a mako, ra'ayina a fili yake: ya yi wa 'yar shekara 7 yawa. Sau biyu ko uku, minti 45 zuwa awa ɗaya, ya ishe ta ci gaba sosai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar yaro ya samu hutun kwana ɗaya zuwa biyu a mako daga wasan da yake yi, kuma kada a tsare shi a kan wasa ɗaya tak sai ya kai wajen shekara 15 ko 16. Masana raunin wasanni kuma suna da wani ma'auni mai sauƙi: awannin horo a mako kada su wuce yawan shekarun yaro. Ko da kwana biyar ɗin bai ƙetare wannan ma'aunin ba, yana cinye lokacin guje-guje, da ƙwallo, da wasa da ƙawaye, da barci. Amma ki tambaya tukuna. Wasu kulab suna buɗe kwana biyar ne don iyaye su zaɓi uku. Idan kuwa dole ne, har ana rage wa yaro matsayi in ya yi fashi, wannan wani abu ne daban.

Akwai abubuwan da ba a sasantawa a kansu. Dole a samu wanda ya iya ceto a ruwa da farfaɗo da numfashi a bakin wurin duk lokacin atisaye, kuma ki tambaya ko takardarsa ba ta ƙare ba. Ba a koya wa yara tsunduma da ka a ruwa marar zurfi. Hukumar ninkaya ta Amurka ta sa ƙafa 6, wato kusan mita 1.8, a matsayin mafi ƙarancin zurfin da ake koyar da tsallen fara tsere, saboda yaron da bai iya ba yakan nufi ƙasa kai tsaye, kuma raunin wuya yana iya zama na dindindin. Ba a yin gasar riƙe numfashi, ko a ce wa zai fi nisa a ƙarƙashin ruwa. Mutum yana iya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba idan iskar da ke jininsa ta yi ƙasa, musamman in ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa, kuma wannan ya kashe ƙwararrun masu iyo ma, ba yara kaɗai ba. Faifan da ake ɗaurawa a tafin hannu don ƙara jan ruwa ba na ƙananan yara ba ne, kafaɗarsu ba ta yi ƙwari ba. Kuma ba a horar da yaro da ƙarin iyo don ya yi laifi.

Sai batun kare yara daga cin zarafi, wanda bai kamata kunya ta hana ki tambaya ba. Shin kulab yana da rubutacciyar ƙa'ida? An binciki tarihin duk mai hulɗa da yara? Wa ake kai wa ƙara idan ƙarar a kan kocin ce? Bayan badaƙalolin cin zarafin 'yan wasa da suka fito fili, Amurka ta buɗe cibiyar SafeSport a 2017, kuma jigon ƙa'idarta shi ne kada babba ya keɓe da yaro sai a inda wani zai iya ganinsu ya kuma katse su. Wannan ya haɗa da ɗakin canza kaya, da mota, da saƙon waya. A Ingila, hukumar ninkaya ta hana kulab-kulab ɗora yara a kan sikeli a 2023, bayan koke-koken waɗanda maganar nauyi ta jefa cikin matsalar cin abinci. Ko a ina kike, ki nemi irin wannan tsari. Kocin kirki yana jin daɗin waɗannan tambayoyin, domin shi ma suna kare shi. Wanda ya ɓata rai ya ce ba a yarda da shi ba ne, ki yi hattara da shi.

Idan kin samu zama da kocin, tambayoyi biyu sun ishe ki. Ta farko: me yaro zai nuna kafin a ɗaga shi zuwa rukuni na gaba? Idan amsar daƙiƙoƙi ce kawai, kin san abin da suke bauta wa. Idan ya ambaci iya salon huɗu bisa ƙa'ida, da juyawa, da halarta, da natsuwa, yana kan hanya. Ta biyu: cikin yaran da suka shigo suna 7 da 8 shekara biyar da suka wuce, nawa ne har yanzu suke iyo a nan? Ba lallai ya ba ki adadi ba, amma za ki ji ko ya san su da sunayensu, ko kuwa ya ɗauki ficewar yara a matsayin tankaɗe da rairaya.

Gasa kuma za ta zo, kuma kusan tabbas wata rana za a soke sakamakonta. A iyon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi dole a taɓa bango da hannu biyu lokaci ɗaya, kuma yara sukan manta. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, duk mai iyo ya bi ta nan. Abin lura shi ne me kocin zai ce mata idan ta fito tana kuka. Ke kuma a hanyar komawa gida, ki bar gyara ga koci. Ki tambaye ta ko ta ji daɗi, da abin da ta koya.

A kan kulab biyun nan, bisa abin da kika faɗa, zuciyata ta fi karkata ga ƙaramin, amma ba don ƙanƙantarsa ba. Ƙaramin kulab ma yana iya zama wurin da ba a koyar da komai, yara goma sha biyar a layi ɗaya ana ta facal-facal. Ki kai ta gwajin duka biyun, ki kalli atisayen duka biyun, ki nemi a ba ta mako biyu na ɗanɗano kafin ki biya kuɗin shekara. A watanni biyun farko ki sa mata ido: tana ɗokin tafiya, ko ciwon ciki yana tasowa duk ranar atisaye? Tana kukan kafaɗa? Barcinta da karatunta suna nan? Iyonta ya ƙara tsafta, ko ƙara dukan ruwa kawai take yi? Idan babu wanda ya gamsar da ke a cikin biyun, ki bar ta a ajin koyon salo na wani zangon, ta ƙware a numfashin gefe da iyon rigingine, ta fara na kwaɗo, ku sake gwadawa tana shekara 8.